Me ya sa sai an mayar da hafsoshin Ostireliya makaranta kafin a ba su jirgin nukiliya?

Baban Ummi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni mai gyaran janareto ne, shekara 19 ke nan hannuna cikin baƙin mai, kuma rediyo ba ta mutuwa a shagona. Kwanakin baya na ji ana maganar yarjejeniyar nan ta AUKUS da ke tsakanin Amurka da Birtaniya da Ostireliya, wai ana kwasar hafsoshin sojan ruwan Ostireliya ana kai su Amurka da Ingila domin a koya musu sarrafa jiragen ƙarƙashin teku masu aiki da makamashin nukiliya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an ce jirgin farko ba zai shiga hannunsu ba sai bayan 2030, amma tun yanzu aka fara karatun.

To ni a sana'ata, yaron da ya iya injin Lister, in ka ajiye masa injin Perkins, sati biyu ya ishe shi ya gane kansa. Inji inji ne: mai ya shiga, wuta ta tashi, ƙarfe ya juya. Su kuma waɗannan mutane ba baƙin ruwa ba ne, an ce suna da nasu jiragen masu nutso da suka daɗe suna tuƙawa. Mutum ya yi shekara goma a ƙarƙashin teku, ya tara igiyoyi a kafaɗa, sannan a ce ya koma aji ya riƙe biro da littafi kamar ɗan sakandare? Wane irin inji ne wannan da sai an yi shekaru ana koyonsa?

Tambaya ta biyu, wadda wani abokin cinikina ya jefo mini na rasa amsa: in an ba su jirgin nukiliya, ba ke nan an ba su bam ɗin nukiliya ba? Ya ce ai abu ɗaya ne, suna kawai aka sauya. Na ce masa ban yarda ba, amma da ya ce in kawo hujja sai na kama goge sifana. Masu sani a taimaka, don gobe zai dawo karɓar injinsa kuma na san sai ya tayar da zancen.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Tambayarka ta sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Ni ba soja ba ne, amma na yi shekara 22 a ɗakin injin jiragen dakon kaya, daga mai share mai har na zama injiniya na biyu, kuma tun da na ajiye aiki babu abin da nake bi kamar labarin jiragen nutso. Bari in fara da naka misalin, domin rabinsa gaskiya ne.

Jiragen da Ostireliya take da su yanzu guda 6 ne, ana ce musu Collins, an ƙera su a Adelaide. Waɗannan 'yan'uwan janaretonka ne. Injin dizal ne yake cajin manyan batura, in an nutse sai a kashe injin a koma kan batir. Ka fi ni sanin cewa dizal ba ya tashi sai da iska, saboda haka duk bayan ɗan lokaci dole jirgin ya taso kusa da saman ruwa, ya ɗaga bututu ya shaƙi iska, ya kunna inji ya yi caji. Wannan lokacin shi ne lokacin tonon asiri: ga ƙara, ga hayaƙi, ga bututu a waje. In kuma ya ce zai yi gudu a ƙasa, batir ya ƙone cikin 'yan sa'o'i. Daga sansaninsu na HMAS Stirling da ke kusa da Perth zuwa tekun kudancin Sin tafiya ce ta dubban kilomita, kafin a isa an cinye rabin guzuri.

Na nukiliya ba ruwansa da iska. Tukunya ce a rufe, yuraniyom yana rarrabewa a ciki yana ba da zafi, zafin ya dafa ruwa, tururi ya juya farfela ya kuma ba da lantarki. Da lantarkin nan suke tace ruwan teku su sha, da shi suke raba ruwa su fitar da iskar numfashi. Jirgin samfurin Virginia da Amurka za ta sayar musu, an zuba masa man da zai kai shi kimanin shekara 33 ba a sake buɗe tukunyar ba. Abin da yake dawo da su gida abinci ne, wajen wata uku, da kuma haƙurin ɗan Adam.

Yanzu ga inda misalinka ya tsaya. Janareto in ya fara haukacewa, ka toshe masa mai, ya mutu, ka tafi ka sha ruwa ka dawo. Tukunyar nukiliya ba ta mutuwa haka. Ko ka kashe ta, a daƙiƙar farko tana ci gaba da fitar da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na zafinta, yana raguwa a hankali har kwanaki. Dole ruwan sanyaya ya ci gaba da zagayawa. Abin da ya ci tashar nukiliyar Fukushima ta Japan a 2011 ke nan: tukwanen sun kashe kansu lafiya lau, ruwa ya cinye janaretocin da ke tura ruwan sanyaya. To ka ɗauki wannan tukunya ka sa ta cikin kwalbar ƙarfe mai tsawon mita 115, ka zuba mutum fiye da 130 suna kwana suna tashi kusa da ita, ka nutsar da su.

Bari in ba ka labarin da ya faru da ni. Wani dare muna tsakiyar teku, na tura wani yaro sabon zuwa ya rufe bawul ɗin wani famfo da za mu gyara. Bawuloli biyu ne a jere, fentinsu ɗaya, alamar da ke jikinsu ta goge, mun sha rubuta wa kamfani a sauya ba a kula ba. Ya rufe na ruwan da ke sanyaya janareto. Ba a yi minti goma ba inji ya ɗau zafi ya yanke, na biyu ya ƙi ɗaukar lodi, jirgi ya yi duhu ɗif, babban inji ya tsaya. Awa huɗu muna yawo a kan ruwa da tocila a baki, zufa har cikin takalmi. Da wuta ta dawo muka yi ta dariya, yaron ya sha zagi, shi ke nan. Abin da ya sa muka samu bakin dariya shi ne jirginmu a saman ruwa yake, ko inji ya mutu yana nan yana lilo. Jirgin nutso in ƙarfi ya yanke masa a zurfi kuma ruwa na shigowa, ƙasa zai yi.

Haka ta faru da jirgin nutson Amurka USS Thresher ranar 10 ga Afrilu 1963. Binciken rundunar Amurka ya karkata ga cewa wani haɗin bututu ne ya fashe, tukunya ta kashe kanta, suka nemi hura iska cikin tankuna su taso, ƙanƙara ta toshe hanyar iskar. Mutum 129, babu wanda ya fita. Daga nan suka kafa tsarin da ake bin kowane walda da kowane ƙusa da takarda da sa hannu. Bayan Scorpion da ya nutse a 1968 da mutum 99, ba su sake rasa jirgin nutso ba.

Tushen wannan tsanani mutum ɗaya ne, Admiral Hyman Rickover, wanda ya jagoranci ƙera Nautilus, jirgin nutso na nukiliya na farko, da ya fara tafiya a 1955 ya kuma ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya a 1958. Tsohon nan duk hafsan da zai taɓa tukunya sai ya zauna gabansa ido da ido. Labarinsa da ya shahara shi ne ya sa an rage tsawon ƙafafun gaba na kujerar da baƙo ke zama, kana amsa tambaya kana zamewa. Jimmy Carter ma, kafin ya zama shugaban ƙasa, ya bi ta gabansa. Rickover ya bar aiki a 1982, amma har yau sai shugaban sashen ya gana da hafsa kafin a ɗauke shi.

Hanyar da 'yan Ostireliya suke bi ita ce ta 'yan gida, ba a rage musu ko shafi ɗaya ba. Wata shida a makarantar nukiliya ta sojan ruwa da ke Goose Creek kusa da Charleston a Amurka: lissafi, fiziks, ilimin zafi, sinadaran ruwa, lantarki, kariya daga tururin nukiliya. Littattafan sirri ne, ba a fita da su daga ginin, in za ka yi bita sai ka koma can da dare ka sa hannu. Sai wata shida kuma a kan tukunya ta gaskiya. A Charleston akwai tsofaffin jirage biyu da aka ɗaure a bakin ruwa don wannan aikin, La Jolla da San Francisco. Shi San Francisco ɗin ma da tarihinsa: a 2005 ya yi karo da dutsen ƙarƙashin teku da cikakken gudu a kudancin Guam, mutum ɗaya ya rasu, gabansa ya ragargaje, amma tukunyar ba ta gaza ba har ya kai kansa gida. Yau a cikinsa ɗalibai suke koyon tayar da tukunya da kashe ta, malami na tsaye a bayansu yana ƙirƙiro musu matsala da gangan. Daga nan sai Groton a jihar Connecticut, wajen wata uku, a koyi aikin jirgin kansa.

Rukunin farko hafsoshi 3 ne. Sun gama aji a Yuli 2023, suka gama Groton a 2024, aka rarraba su cikin jiragen Virginia na Amurka. Wasu kuma Ingila aka kai su, makarantar HMS Sultan da ke Gosport, daga can su shiga jiragen Birtaniya samfurin Astute. Kuma shiga jirgin ba shi ne gamawa ba. Sai ka bi kowane bututu da hannunka, ka iya zana shi da ka, ka san wane bawul ke bayan wane, manya su yi maka tambayoyi su sa hannu, kafin a maƙala maka lambar kifin dolfin a ƙirji. Wannan kaɗai yana cin shekara ko fiye. Da an yi wa yarona na wancan dare irin wannan, da ba mu kwana a duhu ba.

Malamar Fiziks ta amsa:

Sannu da ƙoƙari Baba Injiniya, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan ɗauki tambaya ta biyu, don ita nake fama da ɗalibaina a kai duk shekara.

Malam Baban Ummi, ka ce wa abokinka jirgi mai aiki da nukiliya daban, jirgi mai ɗauke da makamin nukiliya daban. Na farko magana ce ta abin da ke juya farfela, na biyu magana ce ta abin da ke cikin rumbun makamai. Jiragen da za a ba Ostireliya makaman da aka saba za su ɗauka. Ita ƙasa ce da ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, ta kuma sa hannu a ta Rarotonga ta 1985 da ta haramta su a kudancin Pasifik. Tukunyar jirgi kuma ba ta fashewa irin ta bam, ginin ba ɗaya ba ne.

Amma kada ka yi saurin yi masa dariya, domin maganarsa tana da ƙafa ɗaya a ƙasa. Yuraniyom da ake haƙowa, nau'in da ke ba da wuta a cikinsa kashi 0.7 ne kacal cikin 100. Tashoshin lantarki suna tace shi zuwa kashi 3 zuwa 5. Jiragen Amurka da Birtaniya kuwa da wanda aka tace fiye da kashi 90 suke aiki, wato daidai irin wanda ake yin bam da shi. Wannan ne sirrin shekara 33 ba a ƙara mai ba. Hukumar nukiliya ta duniya, IAEA, tana ɗaukar kilo 25 a matsayin abin da zai isa bam ɗaya, masana kuma suna kiyasta cewa tukunyar jirgi guda tana ɗauke da ɗaruruwan kilo.

Don ka ga nauyin abin, mu dawo gida. A Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai 'yar ƙaramar tukunyar bincike da aka samo daga Sin, ta fara aiki a 2004. Man da ta zo da shi irin wannan tataccen ne, kimanin kilo ɗaya. Saboda kilo ɗayan nan Amurka da Sin da IAEA suka yi shekaru suna aiki da masananmu, har a 2018 aka sauya mata mai da mara ƙarfi, aka kwashe tsohon aka mayar Sin. Ghana ta yi nata a 2017. To a ce an tayar da hankali kan kilo ɗaya a Zariya, sannan a ɗauki ɗaruruwa a miƙa wa ƙasar da ba ta cikin masu makamin? Dole mutane su yi magana.

Akwai wata kafa a dokokin IAEA, sakin layi na 14, da ta ba ƙasa damar janye man nukiliya daga binciken yau da kullum in don tuƙa jirgin soja ne. Babu ƙasar da ta taɓa bi ta wannan kafa. Amsar ƙasashen uku ita ce tukunyar za ta zo a like da walda, ba a buɗe ta har ƙarshen rayuwar jirgin, kuma Ostireliya ta yi alkawarin ba za ta tace yuraniyom ba, ba za ta sake sarrafa tsohon mai ba. Ni ban zargi Ostireliya da neman bam ba. Tsorona ƙofar da aka buɗe: gobe wata ƙasa ta ce ita ma jirgi za ta ƙera, a daina leƙa mata rumbu. Sin tana ta ƙorafi a taron hukumar, Indonesiya da Malesiya ma sun nuna damuwa. Faransa kuwa jiragenta da mai mara ƙarfi suke aiki, sai dai duk bayan kimanin shekara goma a buɗe a sauya.

Wani abin da ya ƙara sa karatun ya yi tsawo: Ostireliya ba ta da tashar lantarkin nukiliya ko ɗaya, dokarta ma ta hana ginawa. Tukunya ɗaya gare ta, ta bincike, a Lucas Heights kusa da Sydney. Babu tsofaffin ma'aikatan da za a ɗebo. Daga matuƙi har mai walda har mai sa ido, kowa daga farko zai fara.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Gaisuwa ga dattijo da Malama. Kun yi bayanin inji da na yuraniyom, ni kuwa zancen aro ne ya tsaya mini a wuya.

Ku tuna yadda abin ya fara. A 2016 Ostireliya ta zaɓi kamfanin Faransa ya ƙera mata jiragen dizal 12. Ana cikin aiki, ranar 15 ga Satumba 2021, Biden na Amurka da Boris Johnson na Birtaniya da Scott Morrison na Ostireliya suka fito a talabijin suka sanar da AUKUS, Faransa ta ji kusan tare da kowa. Ministan harkokin wajenta Le Drian ya kira abin suka ta baya, aka janye jakadu daga Washington da Canberra. Daga baya gwamnatin Ostireliya ta Albanese ta biya diyyar Yuro miliyan 555 ba ta karɓi ko ƙusa ba. Ba zan ɓoye muku ba, a majalisarmu ta shayi ranar an yi dariya, wani ya ce yau Faransa ta ɗanɗani yadda ake yanke hukunci a kanka ba ka ɗaki. Af, Malama, kin ce ba su da tashar nukiliya; ai kuwa su ne suka fi kowa arzikin yuraniyom a ƙasa. Mu da muke da Arlit, garin haƙar yuraniyom a Nijar, muka yi shekaru muna sayen wuta daga Najeriya mun san wannan ciwon.

Amma mu bar dariya. A Maris 2023 a San Diego aka shimfiɗa tsarin: daga 2027 jiragen Amurka har 4 da na Birtaniya 1 za su riƙa zama bi da bi a Perth, farkon shekarun 2030 Amurka ta sayar musu Virginia 3, da yiwuwar ƙarin 2, sabon samfurin da za su ƙera da Birtaniya kuwa ba zai fito daga Adelaide ba sai farkon shekarun 2040. Kuɗin, dalar Ostireliya biliyan 268 zuwa 368.

To Baba Injiniya, ga tambayata. Hafsan da aka rene shi a ajin Amurka, ya ci ya sha cikin jirgin Amurka, ya ɗauki lambarsa daga hannun kwamandan Amurka, tukunyar jirginsa ba ya da ikon buɗe ta, kayan gyara daga can, makamai daga can: ranar da Amurka ta ce a tafi Taiwan, da wane baki ƙasarsa za ta ce a'a? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba ni kaɗai nake faɗa ba, tsofaffin firaministocinsu biyu, Paul Keating da Malcolm Turnbull, sun caccaki yarjejeniyar, kuma jam'iyyunsu ba ɗaya ba ne.

Sannan ko jiragen za su zo? Masana'antun Amurka biyu da ke ƙera Virginia suna fitar da ɗaya da 'yan kai a shekara, alhali sai sun haura biyu kafin su ishi kansu har su sayar. Dokar da majalisarsu ta yi ta ce sai shugaban ƙasa na lokacin ya tabbatar sayarwar ba za ta rage ƙarfin rundunarsa ba. Ostireliya ta riga ta fara tura kuɗi don a faɗaɗa masana'antun, dala miliyan 500 a Fabrairu 2025. In ranar ta zo aka ce babu jirgi fa? Sai ya zama ta horar wa Amurka matuƙa da kuɗinta. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Tsohon Injiniya ya sake amsawa:

Ɗan Damagaram, ɗana, ba ka faɗi ƙarya ba, kuma batun ƙarancin jiragen ni ma yana damuna. Har ma zan ƙara maka: Amurka tana da ƙarancin ma'aikatan jirgin nutso, saboda haka hafsan Ostireliya da ke tsaye a kan aiki cikin jirginta ba alfarma kawai ake masa ba, gurbi yake cikewa. Amma ka duba ta ɗaya gefen, babu wanda ya taɓa koyon wannan sana'a ba a gindin wani ba, in ka cire waɗanda suka fara ta da kansu suka biya da rayuka. Sobiyat ta biya: jirginta K-19 a 1961, ruwan sanyaya ya tsiyaye, matasa suka shiga ɗakin tukunya suka haɗa bututu da hannu, 8 suka mutu cikin makonni.

Birtaniya kanta aro ta fara. Yarjejeniyar 1958 ce ta sa Amurka ta ba ta tukunya sukutum, aka sa a HMS Dreadnought da ya fara aiki a 1963. Daga nan Rolls-Royce ya ci gaba da ƙera nasu a Derby. Kafin AUKUS, Birtaniya kaɗai Amurka ta taɓa buɗe wa wannan sirri. Kuma da Amurka ta shiga Vietnam, Birtaniya ba ta tura soja ba, ga tukunyar aro a cikin jirginta. Indiya ma haka: ta yi hayar jirgi daga Sobiyat daga 1988 zuwa 1991, ta sake hayar wani daga Rasha a 2012, matuƙanta a can suka koyo, sannan ta ƙaddamar da nata Arihant a 2016. Ba na cewa Ostireliya za ta zama kamar su, ƙasa ce mai mutum miliyan 27 kawai, kuma ta saba bin Amurka yaƙi tun kafin a yi zancen jirgi. Ina cewa ne aron ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba.

Amma bari in koma wa Baban Ummi kan dalilin farawa da wuri, don nan ne lissafin yake. Ƙarfen jirgi ana gama shi cikin shekara bakwai ko takwas. Kwamanda fa? Yaron da ya shiga yau sai ya yi zagayen farko a matsayin ƙaramin hafsa, ya ci jarrabawar injiniya, ya dawo shugaban sashe, ya dawo mataimakin kwamanda, kafin a ba shi jirgi. Shekara 15 ko fiye. Ba a sayen wannan da kuɗi, ba a gajarta shi. Shi ya sa suka fara da waɗanda suka riga suka goge a Collins, don a rage tazarar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga kuma yawan mutane: Collins mutum wajen 58 yake ɗauka, kuma an yi shekarun da Ostireliya ta kasa cika jiragenta shida da ma'aikata. Virginia ya ninka haka fiye da sau biyu.

Matakin ƙarshe shi ne ya fi burge ni. Turawan Ingila suna da kwas ɗin kwamandoji da suke kira Perisher, tun 1917. Makonnin ƙarshe a teku ake yi, a gabar Sikotland. A ba ka jirgi na gaskiya, jiragen yaƙi su taso maka da gudu, kai kuma kana leƙe ta madubin nan mai tasowa, kana lissafi a ka: wancan yana nesa kaza, gudunsa kaza, saura daƙiƙa nawa in nutse kafin ya bi ta kaina. Ba barci, malami na gefe ba ya cewa komai. In ka faɗi, ba a yi maka wa'azi. A taso, ƙaramin kwalekwale ya zo, ka tarar an riga an haɗa maka jakarka, a miƙa maka kwalbar wiski, kuma ba ka sake aiki a jirgin nutso har abada. Mu dai in mu ne a ba mu shayi. Da Ingila ta daina amfani da jiragen dizal, 'yan Ostireliya wajen Holan suka koma yin irin wannan kwas. Yanzu dole su dawo layin na nukiliya.

Kuma duk da wannan tacewar ana kuskure. A Oktoba 2021 USS Connecticut ya daki dutse a ƙarƙashin tekun kudancin Sin, aka sauke kwamandan da mataimakinsa da babban kurtun jirgin. Jirgin nutso ba shi da taga. Da kunne da taswira ake tuƙi.

Baban Ummi ya rufe:

Kai, Allah ya saka da alheri, Baba Injiniya, Malama, da ɗan'uwana na Damagaram. Na janye maganar Lister da Perkins. Zancen zafin nan da ba ya mutuwa ko an kashe inji shi ya fi shiga kaina, don ko mu nan in babban janareto ya yi aiki mai nauyi ba ma kashe shi nan take, sai mun cire lodi mun bar shi ya huce, in ba haka ba turbo ɗinsa ya lalace. Ashe nasu haka ne, sai dai nasu kwanaki yake ɗauka.

Abokin nawa ya zo da safe. Na ce masa jirgi daban bam daban, ya ce to man fa? Na ce man kam iri ɗaya ne. Ya ce to ai shi ya ci gardama. Na ba shi labarin kilo ɗaya na Zariya, ya ce ƙarya ne, wai shi ɗan Samaru ne bai taɓa jin akwai nukiliya a bayan gidansu ba. Malama, don Allah in kina da hoton wurin ki sa mana a nan, ya ce zai dawo ranar Asabar da ragowar kuɗina.

Baba, bawulolin nan biyu, daga baya an sauya musu alama kuwa? Na tambaya ne don yau da na duba shagona, jarkar fetur da ta kananzir duk shuɗaye ne, kuma yaran nawa uku sababbi ne. Na aika a sayo jan fenti.